Ranar da Jini Ya Yi wa Namadi Wanzami Gardama

Namadi wanzami ya shekara arba'in yana kafa ƙaho a Gwashi, kuma in ka ba shi fuska sai ya rantse maka jini bai taɓa yi masa gardama ba. Akwai shi da cika baki, amma fa hannun ya iya. Tun suna samari yake yi wa amininsa Badaru ƙaho duk kaka, in gajiyar noma ta taru a gadon baya.

Bana Badaru ya zo a rame, bayan jinyar ciwon zuciya a Sakkwato. Ya tuɓe riga ya zauna. Namadi ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Da ya cire, maimakon gudan jini sai ga shi tsararo, yana gangarowa har wando. Ya danna auduga, ta jiƙe. Ya barbaɗa garin magani, jinin ya wanke shi. 

"Badaru, mi kake sha?"

"'Yan ƙwayoyin likita na. Mi yah haɗa su da ƙaho?"

 Namadi ya warware rawaninsa ya ɗaure bayan tamau, ya tsayar da mai babur, suka sa Badaru a tsakiya. Har asibitin Bukkuyum yana manne da shi, ɗumin jini na ratsa rigarsa, yana kiran sunansa don kada ya yi shiru.

Nas Mardiyya ta daɗe tana dannawa kafin jinin ya tsaya. Sannan ta duba ƙwayoyin da ke aljihun Badaru, ta juya ga Namadi.

"Baba, cikin jini akwai 'yan ƙwayoyi masu kama juna su toshe rauni. Maganin ga yana toshe wurin da suke kamawa, don kada su dunƙule cikin jijiyar zuciyatai."

Badaru ya ɗago da ƙyar. "In haka na, na bar sha. Ni ba ni iya rabuwa da ƙaho."

"In ka bari, jijiyar na iya toshewa," in ji ta.

Namadi ya dubi hannuwansa, sannan ya dubi amininsa. 

"Sha maganinka, Badaru. Aski dai in yi maka har in mutu. Bayanka kau, na taɓa shi na ƙarshe."