'Ya'yan Kaza Shida

Shekara arba'in da ɗaya Baba Daƙiƙa ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke bakin titi. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, akwatin kayan aiki, sai ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido. Laƙabin ma abokan sana'a ne suka liƙa masa, don mutum ne da idan ka ce masa ƙarfe huɗu ta yi, sai ya ce maka saura daƙiƙa ashirin.

Ba da rediyo yake saita agogo ba, da taurari yake yi. A jikin ƙyauren gidansa akwai wata ƙusa da ya kafa tun yana ango. Idan sanyi ya fara shigowa, bayan cin abincin dare, sai ya jingina ƙeya da ƙusar ya fuskanci gabas, yana jiran tarin taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta su leƙo daga bayan tankin ruwan maƙwabcinsa. Kullum suna riga jiya fitowa da kusan minti huɗu. Duk agogon da bai yarda da wannan lissafi ba, gobe sai ya koma kan tebur.

Wanda ya koya masa sana'ar ne ya nuna masa dabarar, ya kuma haɗa masa da sharaɗi. Ya ce, "Ranar da ka ƙirga 'ya'yan kazar nan ka samu ba su kai shida ba, idonka ya gama. Ka ajiye kayan aiki, kada ka ɓata wa mutane dukiya." Baba ya riƙe maganar gam, kuma riƙon nan ne ya ja masa.

Bara da sanyi ya shigo, ya jingina da ƙusa ya ƙirga, ya samu huɗu. Ya murza ido, ya wanke fuska, ya dawo: huɗu dai. Bayan mako guda suka koma uku, su ma dishi-dishi. Ya kira matarsa ta duba masa.

Ta ce, "Malam, ni da ko zare ba na iya zurawa a allura? Ni dai sama nake gani, ta yi fari kamar an wanke ta."

Da ya saurari maganar nan da kyau, da ya tsira. Amma ina! Aka bar jaki ana dukan taiki. A watan nan ne aka buɗe wani garejin manyan motoci a bayan layinsu, aka kafa masa fitilu takwas a kan dogayen turaku, suna ci tun magariba har wayewar gari. Fitila takwas, jama'a, don motocin da ko motsi ba sa yi! Hasken ya dushe rabin sama, shi kuwa bawan Allah ya ɗora wa idonsa laifi. Da safe ya mayar wa mutane agogunansu, ya rufe akwati, ya dawo gida ya zauna.

Mijin 'yarsa kuwa faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Da ma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon. Ya zo har gida, ya durƙusa, yana wani karya murya.

"Baba, ai hutu ya kama ka. Kawo makullin in riƙa share maka wurin."

Sharar da ya yi ke nan: cikin kwana uku shago ya cika da caja da rigunan waya. Akwatin da Baba ya yi shekara arba'in yana tara wa kaya, wasu ma da hannunsa ya ƙera su, ya miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ko a gaya wa tsoho ba a yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, a unguwa har yabonsa ake yi, wai ya rufa wa surukinsa asiri.

Wata biyu Baba yana zaune, yana lalube a ɗakin da yake gani sarai. Rannan da daddare aka ɗauke wuta, injin garejin kuma ya ƙi tashi. Ya fito shan iska, ya ɗaga kai don sabo. Kaza ta yi sama sosai, 'ya'yanta tar. Ya ƙirga shida. Ya sake ƙirgawa, har ya hango ta bakwai a gefe. Sai injin ya tashi, fitilu suka kama, ya ga 'ya'yan kaza suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a kan idonsa. Bai yi murna ba. Takaici ne ya ishe shi.

Gari na wayewa ya nufi shago. Mijin 'yar ya tare shi a ƙofa yana murmushi.

"Haba Baba, ai kai da bakinka ka ce ba ka gani. Wa zai ba ka agogonsa yanzu?"

Baba ya juya. A aljihunsa akwai gilashin ido da ɗan hantsaki, su kaɗai suka tsira. Ya koma gida, ya karɓi farantin matarsa, ya kife a kan kujera a ƙofar gida, ya zauna. Kwana huɗu ba wanda ya tsaya. A na biyar wani ya miƙo masa agogo mai fasasshen murfi, ashe mai gadin garejin ne. Baba ya buɗe, ya zaro wani gashi da ya naɗe a ciki, agogo ya ci gaba da tafiya.

Mai gadi ya ce, "Nawa zan bayar, Baba?"

Ya ce, "Riƙe kuɗinka. Fitilun nan biyu da ke kallon gidana, ka kashe mini su minti biyar duk daren Asabar. Ina da abin da nake ƙirgawa."