Masta Zuberu da Turakun Kanofi

In ka leƙo bayan sallar asuba a layinmu na Maamobi, za ka ga wani dattijo yana tafe kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Masta Zuberu Osman ke nan, tsohon direban rola, motar daddanne hanya, yana duba titi. Inda ya ga 'yar tsaga sai ya tsuguna da ƙyar, ya share, ya tsiyaya narkakkiyar kwalta daga wani tsohon gwangwani. Bara ya yi ritaya, amma ga alama titin bai samu labari ba.

Wanda bai san layin nan a da ba, ba zai gane abin da Masta ya yi mana ba. Taksi ba ya shigowa. Da ɓarin jikin mahaifiyata, Mma, ya shanye, goya ta yayana yake yi har bakin babban titi duk ranar asibiti, tana rufe fuska da mayafi don kunya. Na tsani tafiyar nan har cikin raina.

Da aikin titi ya iso, Masta na cikin ma'aikatan. A idonmu aka kwashe ƙasar sama, wadda rabinta tsohuwar bola ce da ledojin ruwa. Sai a zuba marmara kaɗan, a yayyafa ruwa, ya bi da rola ya daddanne, a sake zubawa, kafin a zo kan tsakuwa. Mu kuwa sai mita muke yi, yaushe za a zuba kwalta.

"Kwalta riga ne kawai," in ji shi. "Ƙarfin titi yana ƙasa. Ruwa ya samu ƙofa ya shiga, finish."

Ashe mu ne masu buɗe wa ruwan ƙofa. A nan Zongo titi shi ne falonmu: aure, suna, addu'ar mamaci, duk a nan ake kafa kanofi, wato rumfar taro, a buga turakun ƙarfe cikin kwalta a ɗaure igiya. Titin bai yi wata biyu ba Hajiya Sabuwa mai waakye, shinkafa da wake, ta tashi aurar da 'yarta. Masta ya zo ya tsaya a kan inda za a buga turken farko.

"Masta, kai paa! Rami ƙarami haka koraa? Titi na gomnati ne, ba na babanka ba."

"Hajiya, gomnati ba ya kwana a layin nan. Ni da ke muke kwana."

Ranar ya sha zagi, har aka ce baƙin ciki yake yi da bikin. Sai ya je ya tara tsofaffin bokitan fenti, ya cika su da siminti, ya dasa wa kowanne zoben ƙarfe na ɗaure igiya, ya jera su a ƙofar gidansa, kowa ya ara. Shekaru ke nan yana wannan fama. Layukan da aka yi tare da namu sun koma ramuka, namu kuwa har yau taksi yana tsayawa a ƙofarmu Mma ta shiga.

A watan jiya matarsa Sahadatu ta rasu. Ranar addu'a yana cikin ɗaki ana yi masa ta'aziyya. Masu kanofin daga wata unguwa suke, suka sauke turakunsu da guduma. Na ce a raina, yau babu mai tsayawa ya hana su. Kafin a ɗaga gudumar, mata sun fito daga wajen girki, hannu duk albasa, suna jan bokitan a ƙasa.

"Ba a buga wannan a nan," suka ce.

Masta, kai ne ka koya mana cewa titin nan namu ne, ka sha zagi a kansa ba ka fasa ba. Mun gode, Allah ya jiƙan Sahadatu, ya ba ka haƙuri. Ku kuma 'yan sauran layuka, kafin bikinku na gaba ku zo ku ga yadda ake cika bokiti. Mma ta ce in gaya maka, Masta, yanzu da fuskarta a buɗe take zuwa asibiti.