Maiwar Baba Jaji

Baba Jaji ya iso Kaura Namoda da matarsa Rekiya, da tabarma biyu, da wata gora da ya toshe bakinta da tsumma. Daga wani ƙauye yake a bayan Birnin Tsaba, inda 'yan bindiga suka ƙone rumbuna suka ce kowa ya watse. Ni tela ne, shagona yana jikin gidan da ya kama ɗaki a bakin gari, ko ban so ba sai na san shi. Gajere ne, ga taurin kai, kuma hira ba ta yi masa daɗi sai an shigo maganar taki.

Irin maiwa ne a cikin gorar. Maiwar ƙauyensu ce, mai dogon kai da gashi tsiri-tsiri wanda ke hana tsuntsu sauka, ba a samunta a kasuwa. Ranar gudu kowa ya ɗauki yara da tufafi, shi ya ɗauki gora. Shekara biyu yana ajiye da ita cikin toka, yana jiran a ce an koma gida. Ba a koma ba.

A shekara ta uku ya jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma, biyar suka tsira. Ya kawo mini har kan keken ɗinki ya ce, "Ka gani, Armiya'u? Irin shina mutuwa. In bai ga ƙasa bana ba, baɗi sai dai a ba kaji."

Ya roƙi mai gida kangon da ke bayan katanga, taki goma sha biyu ne tsawonsa, daga nan sai hanyar daji. Ko ni mai allura na san manomi ba ya juye iri duka, yakan rage ko don ruwa ya ɗauke a sake shuka. Rekiya ta ce ya bar ko cikin tafin hannu. Ya ce iri mai rauni sai an cika rami da shi. Ya girgiza gorar har ƙwayar ƙarshe, ya shuke duka.

Damanar nan ban ga mutumin da ya wahala a kan ƙaramin wuri kamarsa ba. Ya kewaye da ƙaya, ya kwaso kashin awaki gida gida, ya yi noma ya yi maimai. Akuyata ta leƙa sau ɗaya, ya biyo ta da sanda har cikin shago. Da ruwa ya yi fashin kwana goma sha ɗaya, da bokiti ya riƙa ɗebowa daga fanfo. Ina kiransa Sarkin Noma don tsokana, yana amsawa babu kunya. Kafin watan tara kara ya wuce katanga, baƙi ƙirin, gwanin kyau.

Sai 'yan bindiga suka shigo unguwar da ke gaba da mu da la'asar. Ta cikin gero suka sulalo, suka tafi da mata biyu. Washegari mai unguwa ya sa aka yi shela: duk wata doguwar shuka da ke jikin gidaje a sare ta cikin kwana uku. Masu gero ba su yi asarar komai ba, nasu ya nuna. Maiwa kuwa sai ruwa ya ɗauke take yin ido, ta Jaji ciki kawai ta yi.

Lukman, shugaban masu sintirin unguwa, shi ya zo da kansa. Jaji ya ce, "Wata guda nika roƙo, ɗana. Wagga ba abinci ba ta, iri na."

Lukman ya ce, "Baba, ƙanwata na cikin waɗanda anka tahi da su."

Na ji haushi ƙwarai ranar, na kuma rasa wanda zan ji haushinsa. Jaji ya hana yaran sintiri taɓa masa kara, ya sare da hannunsa. Gindi uku ya tono da ƙasarsu ya dasa a tsakar gida, ya yi ta ba su ruwa, kwana biyar suka bushe. Sauran ya tura wa akuyata.

Bayan kaka wani dattijo mai suna Hayatu ya zo daga Shinkafi, ɗan ƙauyensu ne da gudu ya kai shi can. A bencin shagona suka zauna. Bayan gaisuwa ya ce ana sa ran za a bar su su koma gona baɗi, kuma dattawa sun bincika gida gida, ba wanda ya fito da maiwa.

"Sai munka tuna da kai. Kowa ya ce hankali kwance, iri na wurin Jaji. Ko cikin cokali ka ba mu, mu raba."

Na taka keke da ƙarfi ba tare da ina ɗinka komai ba, don kada in ji amsar Jaji. Duk da haka na ji Hayatu ya sake tambaya a hankali, "Ko ƙwaya guda?"