Allura Ba 'Yar Kawu Ba Ce

A unguwarsu babu mai kiran matar nan da sunan yanka. Allura ake ce mata, kuma ba ɗinkin labulen da take yi ne kaɗai ya jawo mata ba, har da bakinta. Shagonta ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, da keken ɗinki biyu a ciki, ɗaya na aiki, ɗaya ya zama wurin rataye yadi. In ka kawo mata awon tagar da ka yi da tafin hannu, sai ta dube ka sama da ƙasa ta tambaye ka ko gidan naku ma da ƙiyasi aka gina shi. Sai dai labulenta ba ya karkacewa, shi ya sa ake shanye maganar a sake dawowa.

Tana rarrafe mahaifiyarta ta rasu. Mahaifinta direban babbar mota ne, kullum yana kan hanya, sai ya ɗauke ta ya kai gidan wata 'yar'uwarsa mai yara, ya ce a haɗa da ita. Matar ta karɓe ta hannu biyu. Yaran gidan suna ce wa uwarsu Mama, Allura ma ta buɗe baki da Mama. Shi kuwa direban, da yake shi da Mama kusan sa'o'in juna ne, yara suka laƙaba masa Kawu, babu babban da ya tsaya gyara musu, har sunan ya raka shi kabari. To tunda uba kawu ne, 'yarsa ta zama 'yar kawu ke nan, wato taubashiya, abokiyar wasan da za ka tsokana ta rama, babu fushi babu kai ƙara.

Wannan matsayi ya yi wa Allura daidai, musamman tsakaninta da babban ɗan gidan, mai walda, wanda ya girme ta da 'yan shekaru. Shi ya ce da ita tsinken sakace, ita ta ce ƙofofin da yake haɗawa ɓarayi ne ke sa musu albarka. Haka suka girma, haka suka fara furfura. Lokacin da mijinta ya rasu ta yi kwanaki ba ta iya haɗiye ko ruwa, shi ne ya leƙo ya ce, "Bawan Allah ya huta da baki." Ta jefe shi da takalmi tana dariya tana hawaye, ranar ta fara cin abinci. A duniya ba ta da wanda take sakewa da shi kamarsa, ko da yake ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Sai tsufa ya taɓa kan Mama. Ta fara ɗora ruwa a wuta ta manta, tana aiken mutanen da suka daɗe da rasuwa. Abin da ya rage mata a duniya shi ne ɗakinta: gadon da ke jikin taga, kujerar da take zama tana kallon titi, da famfon tsakar gida. A nan tana cin abinci, tana salla, har ta yi wa masu wucewa faɗa. Sau ɗaya aka taɓa kai ta garin da autarta ke aure don a duba mata ido. Ta daina ci, ta wuni tsaye a bakin ƙofa da takalmanta a hannu tana roƙon a nuna mata hanyar gida. Allura ce ta je ta taho da ita, kuma ta ga yadda ta rame.

Duk da haka Auta ta zo da niyyar tafiya da ita gaba ɗaya. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ta ce can akwai asibiti kusa, kuma ba za ta zauna jiran ranar da za a bugo mata waya a ce gobara ta tashi ba. Suka zauna a falo da hantsi, ita da mai walda, Allura na gefe tana warware wani ɗinki.

"Ku bar ta a ɗakinta," in ji Allura. "Zan saki shagon in dawo da kekena nan. Ni zan kwana da ita in tashi da ita. In kuka kai ta can, ba za ta yi nisa ba."

Mai walda ya kwashe da dariya. "Ke? Ai sai Mama ta warke daga mantuwa ta kamu da ciwon kunne."

"Ba wasa nake yi ba."

"Yaushe kika taɓa cewa wasa kike yi?"

Auta ta yi murmushi ta dafa mata gwiwa. "Taubashiya, wannan maganar 'ya'ya ce. In mun gama za ki ɗinka mata labulen sabon ɗakinta."

Abin ya soki Allura har ƙashi. Nan ta gane cewa bakin da aka sakar mata tun tana yarinya ba shi da nauyin komai. Abokiyar wasa tana iya faɗin duk abin da ta ga dama, saboda babu wanda zai ɗauka. Ta ajiye ɗinkin, ta shiga kicin, ta fito da kofuna a faranti, ta dire su kan tebur da ƙarfi.

"Yau sai mun san waye waye a gidan nan." Ta kife kofi ɗaya a sama. "Wannan kakana ne, uban ubana." Ta jera biyu a ƙasansa. "Wannan ɗansa na fari. Wannan autansa, da ya haifa bayan ya tsufa. Na farin shi ya haifi Mama. Autan shi ya haife ni. Auta, ke da kike da kai, ubana mene ne na Mama?"

Auta ta tsura wa kofunan ido. "Ƙanen babanta."

"Ƙanen uba me ake ce masa?"

"Baffa."

"Kin taɓa jin Mama ta ce masa yaya, ko ta kama sunansa?"

Auta ta ce, "Baffa Ƙarami take cewa. Na ɗauka laƙabi ne."

"Laƙabin gidanku. Baffan uwa kuma fa, mene ne naku?"

Allura ta amsa da kanta. "Kaka. Ba ki tuna duk dawowarsa daga tafiya sai ya ce ina amaryarsa, ya ce kin yi masa rowar miya? Wane kawu ne ke kiran 'yar ƙanwarsa amarya? Wasan kaka da jika yake yi da ke, ku kuna ta Kawu Kawu."

"To ko da haka ne," in ji Auta, muryarta ta sauka, "ke da Mama 'yan'uwa ne dai, irin na dangi."

"Wane irin na dangi?" Allura ta ajiye kofi biyu kafaɗa da kafaɗa. "'Yar wa da 'yar ƙane ba su da wani suna sai yaya da ƙanwa. Ga ta, ga ni, layi ɗaya. Ku kuma ga ku can ƙasa. Ƙanwar uwa inna ce. Ban damu da wanda ya riga wani zuwa duniya ba. Yayata ce kwance a ɗakin can, kuma ina raye babu ɗan da zai ɗauke ta ya kai inda za ta mutu tana neman hanyar gida."

Karon farko ke nan da kalmar yaya ta fito daga bakinta game da matar da ta goya ta, har ita kanta ta ji wani iri. Amma ba ta sauke ido ba.

Mai walda bai dubi kofunan ba tun da aka fara. Yana ta murza tabon ƙuna a bayan hannunsa.

"Na sani," ya ce a hankali. "Tun ranar da mahaifinki ya rasu na ji tsofaffi suna lissafawa. Na yi shiru ne." Ya ɗago ya dube ta, babu alamar wasa a fuskarsa. "Kin san abin da kike nema kuwa? In na ce miki Inna, maganarki ta hau kan tawa, Mama ta zauna. Amma ni ba na wasa da uwata. Daga yau ba zan ƙara tsokanarki ba, ke ma ba za ki tsokane ni ba. Ba abin da ake sawa da safe a cire da yamma ba ne."

Wannan ne ba ta lissafa da kofi ba. Ta ji kamar ta ce a bar maganar, a nemi wata dabara. Daga ɗakin ciki aka ji Mama tana yi wa wani mai babur faɗa ta taga, da ƙarfinta, kamar mai gari.

"Faɗi," in ji Allura.

Ya sauko daga kujera, ƙaton mutum mai furfura, gwiwoyinsa na ƙara, ya durƙusa a gabanta ya sunkuyar da kai.

"Inna, yadda kika ce haka za a yi."

Auta ta share ido da gefen mayafi, ta tashi ta je ta fara fito da kayan Mama daga akwatin da ta riga ta shirya.

Allura ta zauna tana jira. Ta san shi sarai, ta san ba ya iya minti guda bai ɓata abu da dariya ba. Ta jira ya ɗago ya kashe mata ido, ko ya yi wata magana ƙasa-ƙasa. Bai ɗago ba. Yana nan durƙushe, yana jiran abin da ɗa ke jira daga uwa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Tashi ka je ka ɗauko min kekena."

Ya ce, "To, Inna," ya tashi ya fita.