Lalle a Kunnen Hajiya

Shekara biyu cur annobar korona ta hana surukata, Hajiya, zuwa ganinmu a Doha. Ni kaina a lokacin ban san garin ba sai ta tagar gidanmu a unguwar Ain Khaled. Idan zama ya ishe mu, maigidan ya ɗauko mota mu bi bakin teku da takunkumi a hanci, mu leƙi ruwa ta gilashi mu dawo. Duk ranar da Hajiya ta kira sai ta ce, "To ku tekun nan naku kallonsa kawai kuke yi kamar talabijin?"

Da gasar cin kofin duniya ta zo, maigidan ya samo mata izinin shigowa irin na 'yan kallon ƙwallo. Matar da in ta ga jikokinta na buga tamola a tsakar gida take ƙwacewa ta ɓoye bayan randa, ita ce ta sauka daga jirgi da katin 'yan kallo a wuya.

Maigidan ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa, ga shi har furfura ta fara leƙo masa. Ni kuma a gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta, balle a gaban uwarsa. Baban yara nake cewa, kuma ba a taɓa samun matsala ba.

Wata Asabar bayan azahar muka fita mu uku. Niyyarmu mu zaga tsohuwar kasuwa, Souq Waqif, sannan mu gangara bakin teku mu shiga jirgin ruwa na katako kafin magariba. Muka bi lungu-lungu cikin ƙamshin turaren wuta da kanumfari, har layin masu sayar da shaho, kowane tsuntsu an rufe masa ido da 'yar hular fata. Hajiya ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ɓarawon 'yan tsaki ne aka sa wa hula ake masa fifita?"

Gaba kaɗan muka tarar da mata masu zanen lalle. Hajiya ta ce a yi wa 'yarta, wato ni. Da ta ga zanen ya fito ɗas, sai ta gyara zama ta miƙa nata hannuwan. Muka tashi yatsu a ware kamar masu addu'a, maigidan ya rataya jakunkunanmu biyu. Wayata na ciki, maganin hawan jinin Hajiya ma na ciki.

Ba mu yi nisa ba sai ga ayarin magoya bayan wata ƙasa, fuska sha-fenti, da ganguna da tsalle. Suka ratsa ta tsakaninmu. Na tokare Hajiya da kafaɗa muka rakuɓe jikin bango. Da suka wuce, babu maigida babu dalilinsa.

Muka jira har ƙafa ta gaji. Lokacin shan magani ya wuce, na ga gumi na tsattsafo wa Hajiya, ta ce kanta na sarawa. Ina ta hasbunallahu a zuci sai wani dattijo mai kayan gadi, da lasifika a hannu yana nuna wa jama'a hanya, ya jiyo Hausarmu ya matso. Ashe mutumin Zangon Kumasi ne.

"Mma, lafiya?"

Na ba shi labari. Ya ce in faɗi lambar waya. Ni da waya ke riƙe mini lamba, yaushe na haddace?

"Ba komai. Me sunanshi? In kira."

Na kalli Hajiya. Hajiya ta kalli sama.

"Yaron nan ne," in ji ta.

"Wane yaro, Mma?"

"Dogo. Da jakar mata biyu."

Bawan Allah ya ɗaga lasifika ya yi ta shelar dogo mai jakar mata biyu, shiru. Ya zaro biro ya ce in rubuta. Na nuna masa hannuwana, lalle jagab har ƙarshen yatsu. Ya dube mu, sai ya fashe da dariya.

"Wayyo, kunya ne! Kakata ma haka. Amma Mma, kasuwa ya cika, yalla, maza, ɗaya ya faɗa."

Hajiya ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "'Yar nan, lalura ce. Ni dai bakina ba zai iya ba. Ke faɗa, ba zan ji ba." Ta cusa yatsu cikin kunnuwanta biyu, ta runtse ido. Ta manta da lallen sarai.

Na faɗa a hankali. Ganguna suka cinye muryata. Na sake, mai gadi ya ce bai ji ba, kawai sai ya kara mini lasifikar a baki. Na dubi gumin goshin Hajiya, na yi bisimilla, na kira sunan mijina, kasuwa kaf ta amsa. 'Yan ganga da ke dawowa suka cafe sunan, suka sa shi a kiɗa, suna tafi suna maimaitawa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai ga maigidan a guje, jakunkuna na dukan haƙarƙarinsa. Muka zaunar da Hajiya, ya ba ta magani da ruwa a baki.

Mun samu jirgin. Rana na gangarawa bayan dogayen benaye, iska ta kaɗa, ciwon kan Hajiya ya lafa, har ta ce a miƙo mata ruwan teku ta ɗanɗana ko da gaske gishiri ne. Maigidan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Muryar na gane tun farko. Sunan ne ban taɓa ji a cikinta ba. Ko za a ƙara?"

Na ce ya jira wata gasar.

Hajiya kuwa har yau ta dage ba ta ji komai ba, kuma na yarda da ita, domin shaida na nan. Lallen ya kama ram. Da jajayen kunnuwa ta koma gida, da shatin yatsu a kumatu. Duk wadda ta zo yi mata barka da dawowa ta tambaya, sai ta gyara mayafi ta ce kwalliyar Larabawa ce, ita ake yayi a can.