Gaisuwar Mama Saratu a Tsibirin Masu Kaguwa

Har yau ban manta da Asabar ɗin da aka fara ba ni jagorancin 'yan yawon buɗe ido ni kaɗai ba. A tsakiyar shekarun tamanin ne, cikin watan Yuli, ina shekara ta huɗu da tuƙi a wani ƙaramin kamfanin yawon shaƙatawa da ke garin Laurel a nan Amurka. Ku da kuka shigo aikin daga baya kuna yawan tambayata me ya sa nake buga waya tsibiri tun ana gobe za a tafi. To, ga mafarin abin.

A kamfaninmu mataki biyu ne, direba da jagora. Direba nasa sitiyari ne kawai. Jagora shi ke riƙe takardar sunayen fasinjoji, ya ƙirga su sau uku, wato lokacin tashi da lokacin sauka da kuma kafin a juyo gida, sannan ya rubuta rahoton tafiya da hannunsa. Rubutun nan ne ya tsare ni a kujerar direba. Na zo ƙasar nan da shekara arba'in ban san boko ba, sai ajami. Sai da na shekara biyu ina zuwa ajin manya a ɗakin karatu na unguwarmu, Talata da Alhamis bayan an tashi aiki, kafin manajarmu, Misis Karol, ta yarda ta gwada ni.

Ran Juma'a ta miƙa mini takardar sunaye ta ce, "Garba, mutum goma sha ɗaya ne, mutanen ƙasarku. Jirgi ɗaya ne ke dawowa daga tsibirin, ƙarfe huɗu na yamma, kuma ba ya jiran kowa. Ka dawo mini da su cif, ka zama jagora. Ka baro ko mutum ɗaya, sai mu sake magana baɗi."

Fasinjojin ma'aikatan jinya ne 'yan wata ƙungiyar zumunta ta mutanen Kaduna da Filato, da iyalansu. Wadda ta shirya tafiyar ita ce Sista Rifkatu daga garin Bowie, ta kuma zo da mahaifiyarta, Mama Saratu, wadda ta zo ganin jika daga wani ƙauye kusa da Kafanchan. Tsohuwar ba ta jin Turanci. Tana shiga mota ta tambayi garinmu, da na ce Zariya sai ta ce, "To, ɗana, kai ne bakina yau." Ta zauna bayan kujerata rungume da jaka, kwalbar soyayyar gyaɗa na leƙowa daga ciki.

Awa uku muka yi a mota, sannan kusan awa ɗaya a jirgin ruwa. Na sha kai mutane bakin mashigar jirgin, amma direba a mota yake jira, don haka ni ma ranar na fara taka tsibirin. Yana tsakiyar ruwan Chesapeake, a kwance yake, ko tudu ɗaya babu. Hanyoyinsa sirara ne, mota ba ta da wurin bi, sai keke da wasu 'yan ƙananan motoci masu batir da matan garin ke ɗaukar baƙi a ciki su zagaya da su. Abin da baƙo ke yi a can ba shi da yawa: ya hau keken haya, ya je bakin rairayi, ya leƙa rumfunan masu kaguwa, ya ci abinci.

Rumfunan ne suka fi ɗaukar hankalina. A kan ruwa aka kafa su, cikin kowace akwai dogayen akwatunan katako da ruwa ke gudana a ciki. Wani dattijo ya nuna mana aikinsa. Ashe kaguwa tana tuɓe ɓawonta idan ya yi mata kaɗan, kuma na 'yan awoyi jikinta yakan zama laushi tuɓus. A wannan ɗan lokacin ake tsame ta, in an makara ta sake taurara. Na tambaye shi yadda yake gane wadda ta kusa. Ya ɗaga ɗaya ya nuna mini wani siririn layi ja a gefen ƙafarta ta baya. Na daɗe ina kallo kafin idona ya kama shi.

Wurin cin abinci aka kawo mana ita a soye, da ƙafafunta da komai, tsakanin biredi. Mista Yohanna, mijin ɗaya daga cikin sistocin, ya ɗaga biredin ya leƙa ya mayar.

Ya ce, "Malam Garba, tun daga Langtang na zo Amurka don a ba ni gizo-gizo a biredi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ne ɗazu a mota kake yabon fara da yaji."

"Fara 'yar gida ce, na san iyayenta!"

Aka yi dariya. Mama dai ƙosan kaguwa ta ci, ta ce gishiri ya ji amma babu barkono.

Da muka fito ne ta ja hannun rigata. A ƙofar gidaje da yawa akwai kaburbura, biyu ko uku, da siminti a kai da furanni, yara na wasa kusa da su. Ta ce in tambaya. Wata mai tuƙa 'yar motar baƙi ta ce ƙasa mai tsayi ta yi kaɗan a tsibirin, shi ya sa mutanen dā suke binne nasu a gida. Da na fassara, Mama ta ce, "Ashe akwai Turawan da suka san mutunci. Baban Rifkatu ma a bayan ɗakina yake." Daga nan kallon da take yi wa garin ya canza, duk wanda muka wuce sai ta gaishe shi da Hausa.

Muna tafe na ga kanti a rufe da takarda manne a ƙofa, rubutun hannu. A lokacin duk rubutun da na gani sai na tsaya na gwada kaina. Na bi shi a hankali: an rufe saboda jana'iza, za a buɗe ƙarfe uku. Mama ta tambayi abin da ya tsayar da ni, na gaya mata, muka wuce.

Ƙarfe biyu da rabi na sallami kowa ya yi yawonsa, da sharaɗin a haɗu a mashiga uku da rabi. Na samu gefe na yi sallar Azahar, na koma wurin dattijon nan da sauran tambayoyina. Uku da rabi na buɗe takarda na kira suna. Mutum goma, babu Mama.

Sista Rifkatu ta ce, "Ba tare kuke ba? Ta ce mini ba za ta hau keke ba, za ta zauna a inuwa kusa da kai."

Nan aka rikice. Wani ya ce a duba bakin rairayi, wata ta fara kuka tana ambaton ruwa. Ni ma abin ya dame ni, don ban da aikina, tsohuwa ce da ba ta iya tambayar hanya. Na ce kowa ya shiga jirgi ya zauna, kada neman ɗaya ya ɓatar da uku. Na tsaya na tambayi kaina: da a gida ne, ina mace irin Mama za ta nufa? Sai takardar ƙofar kantin nan ta faɗo mini. Na tari wata mai keke na tambaye ta gidan da aka yi rasuwa. Ta nuna can bayan coci.

Huɗu saura kwata muka isa, ni da Sista. Falo cike da mutane cikin baƙaƙen kaya. Ga Mama a kan doguwar kujera, ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, tana riƙe da hannun wata farar tsohuwa, matar mamacin. Kwalbar gyaɗa tana kan tebur tsakanin kwanukan abincin da maƙwabta suka kawo.

Sista ta duƙa ta raɗa mata, "Mama, jirgi!"

Mama ta ce, "Jirgin aka yi wa rasuwa? Ke da na haifa, yaushe kika ga an shiga gidan makoki an fice kamar an zo ɗiban wuta? Kai kuma ɗana, zauna, ka tsaya mini a kai kamar ɗan sanda."

Na zauna. Na san jan ta ba zai yi ba. A wurinmu babba ba ya tashi daga zaman makoki sai masu gida sun ce sun gode, a je a huta. Su kuma mutanen gidan ba su san ana jiran wannan kalma daga bakinsu ba. Na matsa na durƙusa gaban matar, na yi mata ta'aziyya da ɗan Turancina, na gaya mata daga inda Mama ta fito da abin da take jira.

Matar ta dube ni da jajayen idanu. Ta ce, "Mun zaci ɓata ta yi, muka aika a nemo masu ita. Sai ta kama hannuna ta fara rera wata waƙa da harshenta. Muryar waƙar irin tamu ce ta coci, mijina yana son ta." Ta juya ga Mama ta yi mata godiya, na fassara. Sannan ta miƙe ta ce ita za ta raka ta.

Tafiyar minti goma ce ga mai sauri. Su kuwa tsofaffi biyu ne riƙe da hannun juna, mutanen falon na biye. Muna tsakiyar hanya jirgi ya yi ƙaho. Ƙafata ta so gudu, amma na tuna jagora ba ya gaban fasinjansa na ƙarshe. Na ci gaba da bin su a baya, ina kallon agogo yana wuce huɗu.

Da muka ɓullo mashiga, an riga an kwance igiya ɗaya. Matuƙin jirgin ya hango wadda ke tafe, sai ya cire hularsa ya ɗaga wa yaransa hannu su dakata. Matar ta sa wa Mama wani ƙunshin kek a jaka, suka rungumi juna. Ina shiga, matuƙin ya ce mini a hankali, "Ba don kai na tsaya ba. Shekara talatin muna fita ruwa da mijinta." Huɗu da minti shida muka tashi.

Ran Lahadi na yi awa biyu a kan rahoton. Na rubuta komai, har da minti shidan. Ran Litinin Misis Karol ta karanta a gabana, ta gyara mini kalma uku da jan biro.

Ta ce, "Ya aka yi ka san inda take?"

Na ce, "Takardar ƙofar kanti na karanta, kuma na san mutanenmu."

Ta buɗe durowa ta miƙo mini bajen jagora na maƙalawa a ƙirji.

Abin da na koya shi ne, mu muna sayar da tsibirin a matsayin wurin hutu, amma ga masu shi gari ne, ana haihuwa ana mutuwa. Fasinja kuma ba ya barin al'adarsa a mota. Shi ya sa nake buga waya tun ana gobe in tambayi abin da ke faruwa a garin, biki ko rasuwa. In kuwa akwai tsoho a cikin tafiyar, sai in gaya masa tun a jirgi, mu je mu yi gaisuwar tare da wuri, a samu lokacin zama.