Fankar da Baba Ya Saya wa Kaka

Wata Laraba cikin bazara, ina aji uku na firamare, na dawo gidanmu na Ƙofar Rini na kai wa Kaka furarta, sai na tarar da tsaka biyu a tabarmarta, ciki sama, ba motsi. Kazarta mai kwanci a bayan randa ita ma ta sanƙare a kan ƙwai. Kaka kuwa tana riƙe da kai, tana kallon bango.

"Maigidana, akwai baƙi ɗakin ga," ta ce da ni.

Shekarar nan zafi ya yi zafi, wuta kuwa sai a yi mako ba a gan ta ba. Baba, mai sayar da yadi a kasuwa, ya kasa jure ganin mahaifiyarsa tana fifita da faifai, ya sayo fanka da ɗan janareta. Don kada ƙararsa ta dami malamin da ke karantarwa a maƙwabta, sai ya kulle shi a ɗakin ajiyar gero, wanda bango ɗaya mai tsaga ya raba da na Kaka. Kullum bayan azahar a tayar, ta kwanta.

Duk wanda ya zauna da ita sai kansa ya sara, ƙafa ta yi nauyi. Mu yara muka daina langa a ƙofarta. Kaka ta fara gaisawa da mutanen da suka daɗe a kabari, har tana matsa musu wuri. Aka ce aljanu ne. Aka yi tofi, aka toshe taga da tsumma, aka saki labule mai kauri don kada turare ya fita.

Ran da ta cika, ni aka aika in tashe ta la'asar. Fanka na juyawa, gefen mayafinta na kaɗawa, fuskarta fes. Na yi ta kira.

Sai a sakandare, da aka koya mana hayaƙin inji mai kisa ba tare da an ankara ba, na gane abin da ya kashe ta. Na fita aji na yi kuka.

Yanzu sola ce a rufin gidan, jikoki na barcin rana lafiya. Baba ya tsufa, idanu sun tafi. In aka ambaci Kaka yakan ce, "Alhamdu lillahi, ko ba komi cikin sanyi tat tahi."

Nakan ce, "Haka ne, Baba." Har gobe haka zan ce.